Zan Haɗa Sabulun Aski Karo Na Farko, Ku Duba Mini Wannan Ma'aunin

Sabon Hannu
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a harkar sabulu. Ni da buroshi nake aski, da reza irin wadda ake kwancewa a canja mata kaifi. Kumfar gwangwani ba ta karɓe ni ba, kafin in gama kunci ɗaya ta bushe a ɗayan, bayan an gama kuma fuska ta yi ta raɗaɗi. Shi ya sa na ƙudura in haɗa nawa sabulun aski. Ban taɓa yin sabulu kowane iri ba.

Ga abin da na tsara: man zaitun kashi 50 cikin ɗari, man kwakwa 30, man kaɗanya 15, man zurma 5. Soda kuwa kostik soda ce, wato NaOH. Sai cokali biyu na yumɓun bentonait, don na ji an ce shi ke sa reza ta riƙa zamewa. Zan yi haɗin sanyi, wato wanda ba a dafawa a kan wuta, in zuba a mazubi in bar shi mako shida ya nuna. Ban sayi komai ba tukuna. Don Allah ku duba mini.

Uwar Sabulu
Wa alaikumus salam ƙanena. Madalla da ka tambaya kafin ka saya. Abin da ka rubuta sabulu ne mai kyau, amma na wanka ne, kuma zuba masa yumɓu ba zai mayar da shi na aski ba. Zai yi kumfa, ka shafa a fuska, kafin ka ɗauki reza kumfar ta fara fashewa tana gangarowa wuya. Na ga mutane da dama sun fara da irin wannan ma'aunin, suka ɗauka hannunsu ne bai iya ba, alhali laifin ma'aunin ne.

Sabulun aski a kan abu biyu yake tsaye: sitiyarik asid mai yawa, wani asid ne da ake cirowa daga mai ko kitse, da fotash, wato KOH, 'yar'uwar kostik soda. Babu ko ɗaya a jerinka.

Mai Ƙasumba
Hajiya, tare da girmamawa, ina ganin ana tsananta abin. Ni da sabulun wanka nake aski shekara da shekaru kuma fuskata lafiya lau. Mutum ya ce bai taɓa yin sabulu ba, za a fara jibga masa sinadarai masu wuyar suna. A bar shi ya yi mai sauƙin mana, in hannunsa ya faɗa ya ci gaba.

Malamin Kimiyya
Malam Mai Ƙasumba, ba wanda ya ce ba a iya aski da sabulun wanka. Amma ɗan'uwanmu ya faɗi abin da ke damunsa, kumfa na bushewa, fuska na raɗaɗi, kuma ma'aunin da ya kawo ba zai magance ko ɗaya ba. Bari in faɗi dalilin maganar Hajiya.

Kowane mai ko kitse yana ɗauke da asid-asid na kitse iri-iri, kuma idan soda ta ci su, kowanne da irin sabulun da yake bayarwa. Man kwakwa cike yake da lorik da miristik. Su ke ba da kumfa mai manyan ƙwayoyi da ke tashi nan take, amma ba ta jimawa, kuma suna kwashe maiƙon fata sosai. Man zaitun kuwa kusan kashi 70 nasa oleyik ne. Sabulunsa na da taushi ga fata, sai dai kumfarsa yauƙi ce kawai, ba ta da jiki. Abin da ke ba da kumfa mai kauri, mai ƙananan ƙwayoyi, wadda za ta zauna a fuska ba ta motsa ba har ka gama, shi ne sitiyarik da famitik. A jerin ɗan'uwanmu, man kaɗanya ne kaɗai ke da sitiyarik mai yawa, wajen kashi 40 nasa, shi ma kashi 15 kawai aka sa. Idan ka tattara sitiyarik da famitik na duka haɗin, wajen kashi 20 ne. Masu sabulun aski suna neman 50 ko sama da haka.

Saura maganar fotash. Sabulun da kostik soda ta yi da sitiyarik tauri gare shi, da ƙyar yake narkewa a ruwa. Sai ka yi ta goga buroshi ba ya ɗauko komai. Wanda fotash ta yi kuwa da ruwa ya taɓa shi zai saki. Shi ya sa ake haɗa biyun, galibi fotash kashi 60 soda kashi 40, ko a yi da fotash zalla a sami sabulu mai laushi da ake dannawa cikin kwano.

Wannan ilimin ba sabo ba ne. Tun 1823 masanin kimiyya Bafaranshe Michel Chevreul ya wallafa bincikensa da ya nuna kitse asid ne ɗaure da gilisarin, kuma shi ya ware sitiyarik da oleyik ya raɗa musu suna.

Ma'abocin Aska
Gani ya kori ji. Duk mai shakka ya juya bayan kwalin sanannun sabulan aski ya karanta. Arko na Turkiyya kitsen shanu ne da fotash ta ci, da sitiyarik asid, da man kwakwa. Cella na Italiya man kwakwa ne da kitse da sitiyarik, da fotash da soda tare. Martin de Candre na Faransa ba kitsen dabba ko kaɗan, sitiyarik ne da kwakwa da fotash da gilisarin. Ƙasashe uku, farashi ya yi nisa da juna, amma ƙashin bayan ɗaya ne. Ba za ka ga man zaitun a sahun gaba ba.

Ga kuma gwaji mai sauƙi, Malam Mai Ƙasumba. Ka buga kumfar sabulun wankanka ka bar ta a kan buroshi minti goma, ka dawo ka duba.

Mai Ƙasumba
To ai ga shi da bakinka ka ce duk ukun akwai man kwakwa. Malam kuma ya ce man kwakwa na busar da fata. Wanne za mu ɗauka?

Malamin Kimiyya
Tambayarka na kan hanya. Ban ce a cire shi ba. Idan babu shi kumfar nauyi take yi, ta ƙi tashi da wuri. Akwai sabulai masu kyau da ke da shi da yawa ma, mutane na jin daɗinsu. Na yi magana ne a kan wanda ya riga ya ce fuskarsa na raɗaɗi. Irin wannan sai ya fara da kashi 10 zuwa 15, ya ga yadda fatarsa ta karɓa.

Sabon Hannu
Allah ya saka da alheri, na fahimta. Na janye man zaitun. Amma gaskiya tun da aka fara maganar soda biyu gabana ke faɗuwa. Wane irin shiri zan yi don kada in ƙone?

Ɗan Sauri
Ba wani abin tsoro ba ne ɗan'uwa. Ka ajiye kwalbar binega kusa da kai, in soda ta taɓa ka sai ka zuba a wurin, asid ɗin zai kashe ta nan take.

Ma'aikaciyar Jinya
A'a, don Allah kada a yi haka. Wannan shawarar tana yawo sosai kuma tana cutarwa. Idan soda ko fotash ta taɓa fata, ruwa ake zubawa, mai yawa, mai gudana, aƙalla minti 15. Idan busasshen gari ne a fara kakkaɓe shi, a cire rigar da ya jiƙa. Haɗuwar asid da soda zafi take fitarwa, ga shi ka zuba asid a kan fatar da ta riga ta ƙone, ga lokacin da ka ɓata kana neman kwalba maimakon famfo. Binega na da amfani wajen goge tebur bayan an gama, ba jiki ba.

Ido kuwa shi ne babban abin da nake jin tsoro. Ƙunar soda a ido ta fi ta asid muni, domin tana ci gaba da ratsawa ciki. In ta fantsama, a buɗe idon a yi ta wanke shi da ruwa, sannan a tafi asibiti ko da an ji sauƙi. Tabarau na karatu ba ya wadatarwa, a nemi mai rufe gefe da gefe. Sai safar hannu ta roba, riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Yara kuma kada su kasance a wurin sam.

Ɗan Sauri
Na karɓi gyara, Anti. Haka aka koya mana, amma bayaninki ya fi ƙarfi.

Uwar Sabulu
Ƙari a kan na 'yar'uwata. Soda ake zubawa cikin ruwa, a hankali ana juyawa. Ba a zuba ruwa a kan soda, tana iya tafasowa ta yi tsartuwa. Ruwan zai ɗauki zafi da kansa har ya haura digiri 80, fotash kuma har wata ƙara take yi idan ta shiga ruwa, kada ka firgita. Ka yi a inda iska ke wucewa, kada ka sunkuya kana shaƙar tururin.

Tukunya ko cokalin alminiyum haramun ne a wannan aiki. Soda na cin sa, tana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Ka yi amfani da sitenles, ko roba mai lamba 5 a gindinta. Gilashi ma ban so, soda na cin sa a hankali har wata rana ya tsage da ruwan zafi a ciki. Kayan da ka yi sabulu da su kuma ka ware su, su zama na sabulu kaɗai.

Sannan ka manta da maganar cokali da kofi. Sikeli za ka nema na dijital mai nuna 0.1 na giram. A ƙaramin haɗi, kuskuren giram biyu na soda ya isa ya ɓata komai. Idan ba ka da wannan sikelin, ka dakata har ka samu.

Sabon Hannu
Na rubuta duka, Hajiya. To wane ma'auni kike ba ni shawara in fara da shi?

Uwar Sabulu
Ka fara da kaɗan, giram 200 na mai gaba ɗaya. Zai cika maka kwano biyu zuwa uku, kuma sabulun aski ba ya ƙarewa da wuri. Sitiyarik asid giram 100, tataccen kitsen shanu 40, man kwakwa 30, man kaɗanya 20, man zurma 10. Ruwa giram 100, na distil, wato tataccen ruwa mara ma'adinai. Gilisarin giram 25. Lissafin soda kuma na bar wa Malam, ya fi ni iya bayaninsa.

Malamin Kimiyya
Kowane mai na da adadin fotash da ke cinye giram ɗaya nasa. Alƙaluman da manhajojin lissafin sabulu ke amfani da su: sitiyarik 0.198, kitsen shanu 0.200, kwakwa 0.257, kaɗanya 0.179, zurma 0.180. Ka ninka kowanne da nauyinsa ka tara, za ka sami wajen giram 40.9 na fotash. Wannan zai cinye man duka, ba a son haka, ana barin ragowar mai kaɗan don fata. Ka rage kashi 5, saura 38.9.

Yanzu ka raba. Kashi 60 na fotash ne, wato 23.3. Kashi 40 da ya rage, 15.6, za a mayar da shi soda, sai ka raba da 1.403, domin nauyin ƙwayar fotash 56.1 ne, na soda 40. Ya ba ka giram 11.1 na soda.

Mai Bin Diddigi
Malam, ka bar abu ɗaya. Fotash ɗin da ake sayarwa ba zalla ba ce, galibi kashi 90 ce, sauran ruwa ne da kabonet. In ya auna 23.3 daga cikin leda bai sa abin da ya kamata ba, ragowar man za ta haura abin da kuka tsara, kumfa ta yi rauni.

Malamin Kimiyya
Gaskiyarka, kuma na gode. A raba 23.3 da 0.9, ya zama giram 25.9. To fotash 25.9, soda 11.1. Ya duba jikin ledar ya ga kashi nawa aka rubuta. Kuma ina roƙonka Sabon Hannu, kada ka dogara da lissafina kaɗai, ka zuba alƙaluman a manhajar lissafin sabulu da kanka ka ga ko sun yi daidai. Duk ranar da ka canja ko da mai ɗaya ne, lissafin soda ya canja.

Wani abu kuma, sitiyarik na kasuwa ba zalla ba ne shi ma, gauraye yake da famitik, wani lokaci kusan rabi da rabi. Wannan ba matsala ba ce ga kumfa. Illa dai yana cin fotash fiye da 0.198 da ɗan kaɗan, don haka kuskuren ya karkata ne wajen ragowar mai, ba wajen ragowar soda ba, wanda shi ne ɓangaren da ya fi aminci.

Uwar Biyu
Ni tambayata kan kitse ce. Ina so in yi wa maigida, amma ba ya son abin da ke da kitsen dabba a fuskarsa, ya ce yana jin ƙarni. Dole ne?

Ma'abocin Aska
Ba dole ba ne Anti. Ni dai a fuskata na kitse ya fi barin fata da laushi bayan aski, kuma ba zan ɓoye ba, shi na fi so. Amma na yi aski da marasa kitse da suka kai shi santsi. Ƙarni kuma daga kitsen da ba a tace da kyau ba ne, ko wanda aka ƙona wajen narkarwa.

Uwar Sabulu
Ki cire kitsen, ki ƙara kaɗanya da ɗan sitiyarik, ko ki sa man koko, na 'ya'yan itacen da ake yin cakulan, ki sake lissafin soda. Ki sani kuma shi kansa sitiyarik ɗin ana samar da shi daga kwakwar manja ko daga kitsen dabba. In asalinsa ya dame ku, ki nemi wanda aka rubuta daga tsiro yake.

Sabon Hannu
Yumɓun fa? Ba wanda ya sake ambatonsa. Kuma me ya sa ake ƙara gilisarin, na ji an ce sabulun gida da gilisarinsa yake fitowa?

Mai Ƙasumba
Yumɓu kam ka sa. Duk wanda ya taɓa jiƙa bentonait ya murza a yatsa ya san santsinsa. A nan ba zan janye ba.

Ma'abocin Aska
Santsi a yatsa daban, santsi ƙarƙashin reza daban. Yumɓu shan ruwa yake yi, kumfar aski kuwa ruwa take so ta riƙe. A ganina yana busar da ita, ga mai busasshiyar fata kuma yana ƙara masa. Wasu na cewa yana dakushe kaifi, wannan ban tsaya a kai ba. Abin da na tsaya a kai shi ne sabulun da sitiyarik ɗinsa ya isa ba ya bukatarsa.

Mai Ƙasumba
Akwai masu sana'ar da ke sawa kuma kayansu na tafiya.

Uwar Sabulu
Akwai, kuma ban ce sun yi laifi ba. Amma ƙanena karo na farko ne. Ya yi babu yumɓu ya san ainihin kumfar sabulunsa. In yana so, da ya sauke sai ya raba biyu, ya sa rabin ƙaramin cokali a kashi ɗaya bayan ya dama shi da gilisarin, ya gwada kunci da kunci. Fuskarsa za ta raba muku gardama.

Gilisarin kuwa, gaskiya ne mai da kitse suna sakin nasu idan soda ta ci su. Amma sitiyarik asid an riga an raba shi da gilisarinsa tun a masana'anta. Rabin haɗinka ke nan ba zai ba da ko ɗigo ba, sai ka mayar masa. Shi ke riƙe ruwa a kumfa ya hana ta bushewa, wato ainihin abin da ka zo kana kuka da shi.

Wannan dalilin ne kuma ya sa haɗin sanyi ba zai yiwu ba. Mai na ɗaukar lokaci kafin soda ta ci shi, sitiyarik kuwa da ruwan soda ya taɓa shi ya zama sabulu, ya daskare a cikin daƙiƙoƙi. Ga shi sai wajen digiri 70 yake narkewa. Dole a kan wuta za a yi.

Yadda nake yi: ina ɗora kwanon sitenles a kan tukunyar ruwa mai zafi. Sitiyarik ina narkar da shi daban ya zauna da zafinsa. Sauran man in narkar, in zuba musu ruwan sodar duka, in buga da bilenda ta hannu har ya yi kauri. Sannan in zuba sitiyarik in ajiye bilenda in koma cokali, don zai ƙulle ya yi tauri, bilenda ba za ta iya ba. Kada ka ɗauka ya lalace. Ka rufe, ka rage wuta, ka riƙa juyawa lokaci-lokaci. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya zai saki ya yi sheƙi kamar basilin. Idan ya fara kumburowa zai fito daga kwano, ka juya zai koma, don haka ka ɗauki kwanon da ya ninka haɗin girma sau uku. Ka sauke, ka zuba gilisarin, ka bari ya ɗan huce kafin turare.

Mai Bin Diddigi
Ni duka nake narkarwa tare in zuba soda sau ɗaya, kuma yana fitowa daidai. Kwano ɗaya, wanki kaɗan.

Uwar Sabulu
Yana yi, amma yana son ƙarfin hannu da sauri. Sabon hannu in ya ga ya dunƙule nan take sai ya rikice, ya bar wani gefe soda ba ta gauraya ba. Shi ya sa na ba shi doguwar hanyar.

Ma'aikaciyar Jinya
Kan turare ina da magana. Fatar da reza ta bi ba kamar ta hannu ba ce, a buɗe take. Man kirfa da na kanumfari suna ƙona ta ko da kaɗan ne. Giram 2 zuwa 4 na man ƙamshi mai sauƙi ya isa wannan haɗin, kuma da zai ji tawa, na farkon ya bar shi babu turare. In fuska ta yi zafi ya san daga sabulun ne, ba sai ya yi ta canki-canki ba.

Ɗan Sauri
Tun da ana kan fata, shin wannan sabulun na maganin ƙurajen aski? Su ne suka addabi wuyana.

Ma'aikaciyar Jinya
Ba magani ba ne, kada wani ya sayar maka da shi a kan haka. Ƙurajen na fitowa ne idan gashi mai nannaɗewa aka yanke shi ƙasa-ƙasa da kaifin baki, sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata. Kumfa mai kyau na taimakawa don reza ba ta kankarar fata kuma ba sai ka yi ta maimaita wuri ɗaya ba. Amma abin da ya fi tasiri shi ne ka jiƙa gashin da ruwan ɗumi minti biyu zuwa uku, ka bi inda gashi ya kwanta, kada ka ja fata, ka daina neman ƙwal-ƙwal, ka kuma rage amfani da reza mai jerin kaifi da yawa. In sun yi ruwa ko suna barin tabo mai tudu, ka ga likitan fata.

Sabon Hannu
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Na yi yadda Hajiya ta ce, babu turare babu yumɓu. Da na zuba sitiyarik ya ƙulle kamar yadda aka faɗa, na ci gaba da juyawa har ya saki. Na danna shi a kwanuka na bar su a buɗe. Abu biyu ke damuna. Na ɗaya, akwai wasu fararen ɗigo-ɗigo a ciki, ina tsoron ko soda ce. Na biyu, na gwada kumfar a tafin hannu, ta yi kauri sosai amma tana mannewa, ba ta da sheƙi. Ban kai shi fuska ba tukuna.

Uwar Sabulu
Wa alaikumus salam. Barka, kuma ka kyauta da ba ka kai fuska ba. Ka sa safar hannu ka ciro ɗigon guda ka jefa a ɗan ruwa. In ya ƙi narkewa, yana murtsukewa a yatsa, sitiyarik ne da ya sandare a gefen kwano, ko busasshen sabulun da ka kankaro ka mayar ciki. Ba ya cutarwa. Na soda yana narkewa, kuma za ka ga wurin na tsattsafo da ruwa. In haka ne kada ka yi amfani da shi, ka mayar kan wuta da ɗan ruwa ka sake dafawa.

Mu dai da harshe muke gwadawa: ka jiƙa yatsa ka shafa sabulun ka taɓa bakin harshe. In akwai ragowar soda za ka ji wani fizga nan take, ba ɗaci kawai ba.

Ma'aikaciyar Jinya
Hajiya, ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Mutumin da ke zargin akwai soda a sabulunsa ba zan ce ya kai harshe ba. Ya narkar da giram ɗaya a ruwan distil giram 99 ya tsoma takardar gwajin pH, wadda ke nuna ƙarfin asid ko soda. Sabulu na gaske yana zama tsakanin 9 da 10 da ɗoriya. In ta nuna 12 ko sama akwai matsala.

Malamin Kimiyya
Takardar ba ta cika faɗin gaskiya daidai a ruwan sabulu ba, amma tana kama babban kuskure, kuma shi ake nema a nan. Ya fara da gwajin ɗigon da na takarda. In duka sun wuce, ya wanke cikin damtsensa da kumfar ya jira ya gani kafin fuska.

Ma'abocin Aska
Maganar kumfa kuwa albishir ne. Kauri da mannewa alamar ƙishirwa ce, sabulu mai sitiyarik da yawa yana shan ruwa fiye da yadda kake zato. Ka jiƙa buroshi ka girgije shi kaɗan, ka goga a sabulun wajen daƙiƙa 30, sannan ka riƙa ƙara ruwa ɗigo-ɗigo kana bugawa. Za ka ga ta canja daga fari mai dushewa ta koma mai ƙyalli, ƙwayoyin ba sa ganuwa. In ta fara tsiyaya ka wuce, sai ka ƙara sabulu. Idan ruwanku na da kalsiyam da yawa zai ci kumfar, ka gwada sau ɗaya da ragowar ruwan distil ɗinka ka ga bambanci.

Mai Ƙasumba
To yanzu sai ya jira mako shidan nasa?

Uwar Sabulu
A'a. Wanda aka dafa ya riga ya zama sabulu tun a kan wuta. Amma in ya bar shi a buɗe mako biyu zuwa huɗu, a inuwa, ruwa zai ragu, ya ƙara taushi ga fata, kumfar ma ta gyaru. Ya ɗauki kwano ɗaya ya fara aiki da shi, sauran su zauna. Bayan kowane aski ya tsiyaye ruwan ya bar murfin a buɗe har ya bushe.

Sabon Hannu
Na gwada ɗigon, bai narke ba, takarda kuma ta tsaya wajen 10. Na wanke damtse babu zafi. Yau na yi aski da shi, na ƙara ruwa kamar yadda Yaya Ma'abocin Aska ya ce, kumfar ta zauna har na gama wuya ba ta bushe ba. Raɗaɗin bai tafi gaba ɗaya ba amma ya ragu sosai, fatar dai na ɗan ja bayan na wanke. A haɗi na gaba in rage kwakwa ne, ko in ƙara kaɗanya?

Uwar Sabulu
Abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka jira wannan ya kwana biyu tukuna, jan fatar na iya raguwa da kansa. In bai ragu ba, ka mayar da kwakwa giram 20, kitse 50, ka sake lissafin soda. Kuma ka ware giram 10 daga cikin kaɗanyar ka narkar ka zuba bayan an sauke tare da gilisarin, don ita ce za ta zama ragowar man da ke taɓa fata.

Mai Bin Diddigi
Hajiya, ai wannan canji biyu ne.

Uwar Sabulu
Haka ne. To ya fara da ware kaɗanyar, ita ba ta taɓa lissafin soda. Kwakwa ta jira haɗi na uku.

Mai Ƙasumba
Rabin kwanon yumɓun nan fa har yanzu ba a gwada ba. Sabon Hannu, in za ka sake dafawa ka ware mini shi, kunci da kunci kamar yadda aka ce, ka zo ka faɗa mana.